Bambancin Yankuna wajen Karɓar Fasahar Dijital a Masana'antu: Nazari kan Arewaci da Kudancin Italiya

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dalilan da suka sa masana'antun arewacin Italiya suka yi wa na kudancinta nisa wajen karɓar fasahar dijital ta zamani, alhali doka ɗaya ce take mulkinsu, kuɗi ɗaya suke kashewa, kuma tallafi ɗaya gwamnati ta shimfiɗa musu tun daga shekarar 2017. Matsayar maƙalar ita ce, abin da yake sa kamfani ya karɓi irin wannan fasaha yana wajen katangarsa fiye da cikinta, wato a wurin masu sayen kayansa, da maƙwabtan da suke ƙera masa inji suna gyarawa, da makarantun da suke ba shi ma'aikata, kuma tallafin da bai kula da waɗannan abubuwa ba yakan ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi.

Gabatarwa

Abin da ake nufi da fasahar dijital ta zamani a masana'anta ya wuce ajiye kwamfuta a ofishin akawu ko buɗe wa kamfani shafi a intanet. Ana nufin injin da yake karɓar umarnin aiki kai tsaye daga manhajar kamfani kuma ya mayar mata da bayanin abin da ya yi, da mutum-mutumin da yake walda ko ɗaukar kaya, da ƙananan na'urorin da ake maƙala wa inji don su riƙa auna zafinsa da girgizarsa, har manhaja ta iya hasashen lalacewarsa kafin ya tsaya, da kuma na'urar da take ƙera abu hawa-hawa daga zanen kwamfuta. Jamusawa ne suka yi wa wannan tsari laƙabin Industrie 4.0 a baje-kolin Hannover na shekarar 2011, suna nufin juyin masana'antu na huɗu bayan na tururi da na lantarki da na kwamfuta. Jigon al'amarin shi ne haɗuwa: inji guda mai tsada da yake aiki shi kaɗai bai shiga wannan lissafi ba har sai ya zama yana musayar bayanai da sauran sassan kamfani.

Italiya ta dace da wannan nazari saboda ita ce ta biyu a ƙarfin masana'antu a Tarayyar Turai bayan Jamus, kuma a cikinta ne ake samun ɗaya daga cikin giɓin yanki mafi daɗewa a nahiyar. Yankin kudu, wanda ake kira Mezzogiorno, ya haɗa da Campania da Puglia da Calabria da Basilicata da Abruzzo da Molise da tsibiran Sisili da Sardiniya, yana ɗauke da kusan kashi ɗaya bisa uku na al'ummar ƙasar, amma abin da yake samarwa a kan kowane mutum ya wuce rabin na tsakiya da arewa da kaɗan ne kawai, kuma rabonsa a kayan da ƙasar take fitarwa waje kusan kashi 10 cikin ɗari ne kawai. A ɗaya ɓangaren, yankuna uku na arewa, wato Lombardia da Emilia-Romagna da Veneto, su kaɗai suke fitar da fiye da rabin kayan da Italiya take sayarwa a ƙetare. Mai karatun da ya san tazarar da ke tsakanin masana'antun Legas da Ogun da na Sharaɗa da Challawa da Bompai a Kano zai gane tambayar nan take, sai dai darajar misalin Italiya ita ce a can babu matsalar wutar lantarki da za a ɗora wa laifi, don haka ya zama dole a nemi sauran dalilan da sukan ɓuya a bayanta.

Tallafin da ya bi tsohuwar taswira

A watan Satumba na shekarar 2016, ministan bunƙasa tattalin arziki Carlo Calenda ya gabatar da shirin ƙasa mai suna Industria 4.0 a birnin Milan, kuma babban makamin shirin shi ne wani sassauci a lissafin haraji. A ƙa'ida, kamfanin da ya sayi inji yakan cire kuɗin injin daga ribarsa a hankali cikin wasu shekaru kafin a yanka masa haraji, saboda darajar inji tana raguwa da tsufa. Sabon shirin ya ba kamfani damar ya rubuta kashi 250 cikin ɗari na kuɗin injin a wannan lissafi, muddin injin yana cikin jerin da doka ta fayyace kuma an haɗa shi da tsarin bayanan kamfanin. Ma'anar wannan a aikace ita ce, wanda ya sayi inji na Yuro 100,000 zai cire Yuro 250,000 daga ribarsa, kuma tun da harajin kamfanoni kashi 24 cikin ɗari ne, ƙarin Yuro 150,000 ɗin nan zai rage masa haraji na Yuro 36,000 a tsawon shekarun. Babu takardar neman izini, babu kwamitin da zai zaɓi wanda ya cancanta. Kamfani ya saya, ya haɗa, ya samo shaidar injiniya idan kuɗin injin ya haura Yuro 500,000, shi ke nan.

Wannan sauƙi shi ne abin da aka fi yaba wa shirin, kuma yabon yana da tushe, domin ya kawar da jinkirin ofisoshi da neman alfarma da suka daɗe suna lalata tallafin masana'antu a ƙasar. Amma akwai sharuɗɗa guda uku da ba a rubuta su a doka ba, waɗanda sai kamfani ya cika su kafin ya amfana. Dole ne ya kasance yana cin riba mai yawa, domin ragin haraji ba shi da amfani ga wanda ba a bin sa haraji. Dole ne ya kasance yana da kuɗi a hannu ko bankin da zai ba shi rance, domin shi zai fara biyan kuɗin injin kafin ragin ya riƙa zuwa kaɗan-kaɗan. Sannan dole ne ya kasance yana da tsarin bayanan da za a haɗa injin da shi, da mutumin da ya san yadda ake haɗawa. Kamfanonin da suka cika waɗannan sharuɗɗa sun fi yawa a arewa nesa ba kusa ba, musamman da yake rikicin tattalin arzikin da ya faro a 2008 ya fi yi wa masana'antun kudu illa, har kamfanin Fiat ya rufe masana'antarsa ta Termini Imerese a Sisili a ƙarshen 2011. Ta haka kuɗin gwamnati ya zama kamar ruwan da aka saki a fadama, wanda ba ya zaɓen gona sai dai ya bi magudanar da aka riga aka haƙa.

Gwamnati ta gane wani ɓangare na matsalar, shi ya sa daga shekarar 2020, ƙarƙashin sabon suna Transizione 4.0, aka mayar da tallafin ya zama rangwamen da kamfani zai iya cirewa daga kowane irin haraji ko kuɗin inshorar ma'aikata da ake bin sa, ko ya ci riba ko bai ci ba, aka fara da kashi 40 cikin ɗari na jarin da bai wuce Yuro miliyan 2.5 ba. Wannan gyara ya warware sharaɗi na farko, ya sassauta na biyu, amma bai taɓa na uku ba, kuma na ukun ne ya fi nauyi.

Abin da maƙwabtaka take yi wa kamfani

Masanin zamantakewa Arnaldo Bagnasco ya nuna a shekarar 1977 cewa Italiya ba biyu ba ce kawai, domin ban da arewa maso yamma mai manyan kamfanoni irin na Torino da Milan, da kudu mai raunin masana'antu, akwai ta uku a arewa maso gabas da tsakiya, inda ƙananan kamfanoni masu sana'a iri ɗaya suke taruwa a gari guda. Masanin tattalin arziki Giacomo Becattini ya yi wa irin wannan taro bayani mai zurfi da sunan gundumar masana'antu, wato wurin da sana'a da al'umma suka cuɗanya har ilimin aikin ya zama abin da ake gado kuma ake tattaunawa a kasuwa da gida. Fahimtar wannan tsari ita ce mabuɗin fahimtar bambancin da maƙalar take magana a kai.

Sassuolo, garin da masu bin ƙwallon ƙafa suka fi sani da ƙungiyarsa, shi ne cibiyar tayil ta Italiya, kuma shi da kewayensa a lardunan Modena da Reggio Emilia suke samar da mafi yawan tayil ɗin ƙasar. Abin lura shi ne masu ƙera injinan tayil ɗin ma suna nan kusa: System Ceramics yana Fiorano, maƙwabcin Sassuolo, SACMI yana Imola, kuma kamfanin da ya shahara da motocin ɗaukar kaya marasa direba, waɗanda hasken leza yake yi wa jagora a cikin masana'anta, yana Viano a lardin Reggio Emilia. Lokacin da aka koma buga zane a kan tayil da na'urar feshin tawada mai karɓar hoto daga kwamfuta, mai masana'anta a wannan yanki bai buƙaci ya yi imani da takardar talla ba, domin zai iya zuwa ya ga injin yana aiki a wurin maƙwabcinsa, ya tambayi ma'aikacin da yake kula da shi, kuma ya san cewa in ya lalace da dare mai gyara zai iso kafin gari ya waye. Haɗarin sayen sabon abu ya ragu ƙwarai a irin wannan wuri, haɗarin ƙin saye kuma ya ƙaru, tun da abokin gogayya yana tsallaken titi.

Labarin Bologna ya fi wannan bayyana yadda abin yake ginuwa a tsawon zamani. Birnin da kewayensa sun zama matattarar masu ƙera injinan naɗe kaya da zuba su a mazubi, na magani da shayi da sigari da kayan kwalliya, kuma tushen hakan yana komawa ga kamfanin ACMA da aka kafa a 1924, wanda ƙwararrunsa suka riƙa fita suna kafa nasu, da kuma makarantar fasaha ta Aldini-Valeriani, wadda tun ƙarni na 19 take horar da makanikai da masu zanen inji. Kamfanoni irin su G.D da IMA, wanda aka kafa a 1961, da Marchesini, wanda aka kafa a 1974, suna sayar da injinansu ga manyan kamfanonin magani da abinci da sigari na duniya, waɗanda suke buƙatar a iya bin sawun kowane kwali daga inji har kanti. Wannan buƙata ba ta tsayawa a kan babban kamfani. Tana gangarawa zuwa ga ɗaruruwan ƙananan maƙera da suke yanka masa sassa, domin shi ma zai ce musu su karɓi zane ta kwamfuta, su aiko da ma'aunin kowane sashe, su sanar da shi inda aiki ya kai ba tare da an buga waya ba. Maƙerin da yake da ma'aikata goma sha biyar a wajen Bologna yana haɗa injinansa da manhaja ne saboda in bai yi ba zai rasa mai saye, tallafin gwamnati kuwa ya zo ya tarar da niyyar a ƙulle.

A nan ne ya kamata a yi hattara da bayanin da ake yawan bayarwa, cewa ƙanƙantar kamfanoni ce matsalar kudu. Gaskiya ne cewa kimanin kashi 95 cikin ɗari na kamfanonin Italiya ba su kai ma'aikata goma ba, kuma gaskiya ne cewa ƙaramin kamfani ya fi jin nauyin kuɗin manhaja da albashin ƙwararre, amma ƙananan kamfanoni sun cika arewa ma. Bambancin yana ga wanda ƙaramin kamfanin yake yi wa aiki. Wanda yake cikin jerin masu kai wa mai fitar da kaya waje sassa yana samun matsi da taimako a lokaci guda, wanda kuwa yake sayar wa kasuwar garinsu taliya ko ƙofofin ƙarfe babu mai tambayarsa bayanan inji, kuma ba laifinsa ba ne idan ya ga cewa sayen su asarar kuɗi ce.

Tsibiran fasaha a kudu

Kuskure ne a ɗauka cewa kudu fayau yake. A Melfi da ke Basilicata akwai masana'antar motoci da Fiat ta buɗe a farkon shekarun 1990, wadda daga 2014 ta riƙa ƙera Jeep Renegade ana kai wa har Amurka. A Grottaglie da ke Puglia kamfanin Leonardo yana ƙera sassan gangar jikin jirgin Boeing 787 da zaren kabon. A Catania kamfanin STMicroelectronics yana ƙera ƙwayoyin lantarki, kuma a 2024 Hukumar Tarayyar Turai ta amince gwamnatin Italiya ta ba shi tallafin Yuro biliyan 2 don sabon ginin da zai ci Yuro biliyan 5. A Bari ne ma aka kammala ƙirƙiro tsarin feshin man dizal na common rail, wanda kamfanin Bosch ya karɓa ya yaɗa a duniya. Waɗannan wurare ba su gaza takwarorinsu na ko'ina ba a yawan mutum-mutumi da sarrafa bayanai.

Tambayar ita ce me ya sa fasaharsu ba ta malala zuwa maƙwabta kamar yadda ta yi a Bologna ba, kuma amsar tana cikin tarihin zuwansu. Hukumar Cassa per il Mezzogiorno, wadda aka kafa a 1950 aka rushe a 1984, tare da kamfanonin gwamnati, sun bi manufar dasa manyan masana'antu a kudu, irin su masana'antar ƙarfe ta Taranto a shekarun 1960 da ta motocin Alfasud a Pomigliano d'Arco kusa da Napoli a farkon shekarun 1970. Sun samar da aikin yi ga dubban mutane, wannan ba abin rainawa ba ne, amma Italiyawa da kansu sun riƙa kiran da yawa daga cikinsu manyan majami'u a cikin hamada, saboda girmansu da rashin abin da ya tsiro a gefensu. Reshen babban kamfani yana karɓar zane da injina da manhaja daga hedikwata, a can ake yanke shawarar abin da za a saya da wanda za a saya a wurinsa, kuma sau da yawa masu kawo masa sassa rassa ne na kamfanonin arewa ko na ƙetare da suka biyo shi. Ma'aikacin Melfi yana iya ƙwarewa a sarrafa mutum-mutumi, amma ba a gabansa aka zana layin aikin ba, kuma idan ya so ya fita ya kafa nasa kamar yadda ƙwararrun ACMA suka yi, mai saye guda ɗaya ne a yankin, wanda kuma makomar odarsa tana hannun wani ofishi mai nisa.

Batun hanyar intanet, wanda ake saurin ambata, bai da nauyin da ake ba shi, domin Bari da Catania da Cagliari suna cikin biranen farko da kamfanin Open Fiber ya fara shimfiɗa wa wayar intanet ta zaren gilashi. Batun rance ya fi shi gaskiya: manyan bankunan kudu na tarihi, Banco di Napoli da Banco di Sicilia, sun narke cikin rukunonin da hedikwatarsu take arewa, kuɗin ruwa ya fi tsada a kudu, shari'ar bashi kuma ta fi jinkiri a kotunansa, abin da yake sa mai ba da rance ya ƙara taka-tsantsan.

Mutanen da za su riƙe injin

Mafi zafin al'amarin shi ne na mutane. Ƙungiyar SVIMEZ, wadda tun 1946 take nazarin tattalin arzikin kudu, ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan biyu sun bar yankin tsakanin 2002 da 2017, kusan rabinsu matasa, kuma da yawa daga cikinsu masu digiri. Jami'ar Federico II ta Napoli da kwalejin fasaha ta Bari suna yaye injiniyoyi nagari, har kamfanin Apple ya buɗe makarantar koyar da rubuta manhaja a Napoli a 2016, amma iyalan kudu da makarantunsa ne suke ɗaukar nauyin tarbiyya da karatu, masana'antun Milan da Modena da Munich kuma su ci moriyar. Wannan asara ce da take ciyar da kanta, domin kamfani ba ya sayen injin da ba shi da mai riƙe masa, matashi kuma ba ya zama inda babu injin da zai riƙe.

Shirin Industria 4.0 ya tanadi cibiyoyin ƙwarewa, wato wuraren da jami'o'i da kamfanoni suke haɗuwa su kafa layin gwaji, inda mai ƙaramin kamfani zai je ya ga fasahar tana aiki, ya gwada ta a kan kayansa kafin ya saya. Wannan shi ne ainihin abin da maƙwabtaka take yi wa ɗan Sassuolo kyauta, saboda haka inda babu maƙwabtakar nan ne aka fi buƙatarsa. Amma a cikin cibiyoyi takwas da aka zaɓa a 2018, na Torino da Milan da Genova da Bologna da Veneto da Pisa da Roma sun kwashe bakwai, guda ɗaya tak, MedITech ta Napoli, aka bar wa yankin da yake ɗauke da mutum kusan miliyan 20. An yi zaɓen ne ta hanyar gasa, kuma babu mamaki jami'o'in da suke kewaye da manyan kamfanoni su fi iya haɗa takarda mai ƙarfi, sai dai sakamakon ya nuna cewa adalcin gasa da adalcin rabo ba abu ɗaya ba ne. Mai masana'antar sarrafa tumatir ko man zaitun a Calabria, tafiya ce mai nisa tsakaninsa da layin gwaji mafi kusa.

Akwai tallafi na musamman ga kudu, kuma ba ƙarami ba ne. Rangwamen harajin jarin kudu ya taɓa kaiwa kashi 45 cikin ɗari ga ƙananan kamfanoni, 35 ga matsakaita, 25 ga manya a yawancin yankunan, daga watan Janairu na 2024 kuma aka mayar da dukkan yankunan kudu takwas yankin tattalin arziki na musamman guda ɗaya, sannan an ƙudura cewa kashi 40 cikin ɗari na kuɗin shirin farfaɗowa bayan annobar korona da za a iya raba wa yankuna zai tafi kudu. Sai dai rangwamen jarin kudu yana biyan kowane sabon inji ne, ko an haɗa shi da tsarin bayanai ko ba a haɗa ba, ƙudurin kashi 40 kuwa yana da wuyar cikawa a tallafin da kamfani ne yake ɗauka da kansa, tun da gwamnati ba za ta tilasta wa kowa sayen inji ba. Abin da ya fi dacewa da matsalar, a ra'ayin wannan maƙala, shi ne manyan makarantun fasaha na shekara biyu da ake kira ITS, waɗanda aka fara a wajajen 2010, inda kamfanoni suke shiga tsara manhajar karatu kuma ɗalibi yake yin wani kaso mai yawa na lokacinsa a cikin masana'anta. Irin wannan makaranta tana iya yi wa Puglia ko Campania abin da Aldini-Valeriani ta yi wa Bologna, da sharaɗin a ɗaure ta da ƙananan kamfanonin yankin tun daga ranar farko, a kuma sanya wa manyan rassan da suke karɓar biliyoyin tallafi, irin na Catania, wajibcin horar da masu kawo musu kaya na cikin gida da shigar da su tsarin bayanansu. In ba a yi haka ba, ɗalibin da aka horar a Bari zai karɓi takardar shaidarsa ya hau jirgin ƙasa zuwa Bologna, inda aiki yake jiransa.